Giya huɗu ko biyar? Lissafin mai tayar da tsohuwar mota a Maraɗi

Duk wanda ya janyo tsohuwar Peugeot 504 ko 404 daga inda ta yi shekaru a kafe, da niyyar ya tayar da ita ta koma tamkar jiya ta fito daga kamfani, akwai ranar da makanike zai sauke bwat, wato akwatin giya, ya dire shi a ƙasa ya ce: "To Alhaji, wannan za mu gyara mu mayar, ko mai biyar za a nemo?" Yawancin masu mota ko numfasawa ba sa yi suke cewa a nemo mai biyar. Ai biyar ta fi huɗu, kuma motocin yanzu duk biyar ko shida gare su. Ni dai a ganina, cikin tsofaffin motocin da ake tayarwa a Maraɗi, waɗanda giya ta biyar za ta wahalar sun fi waɗanda za ta amfana yawa. Kuma amsar tambayar makaniken rabinta kawai ke cikin bwat, sauran rabin yana can tsakanin tayoyin baya.

A fara da cikin akwatin. A motar da injinta ke gaba, tayoyin baya ke tura ta, irin su 404, 504 da Mercedes 240D, sanduna biyu ne a jere kan layi ɗaya: ta gaba mai karɓar juyi daga kuloci, da ta baya mai miƙa shi ga kardan, wato doguwar sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya. A ƙarƙashinsu akwai ta uku mai ɗauke da jerin haƙora. In ka sa giya ta ɗaya, ta biyu ko ta uku, ƙarfin inji sai ya sauka kan sandar ƙasa ya sake hawowa ta wasu haƙoran, juyi ya ragu, ƙarfin ja ya ƙaru. A ta huɗu kuwa ba ya sauka. Wani zobe ne ke kulle sandar gaba da ta baya su zama abu guda, inji ya juya sau ɗaya kardan ma ya juya sau ɗaya. Haƙoran ƙasa suna ta juyawa cikin mai, amma ba kaya a kansu. Wannan ita ce giyar kai-tsaye, kuma duk cikin bwat babu wadda ta kai ta ƙwari, babu wadda ta kai ta rashin ɗaukar zafi. Shi ya sa za ka ji bwat ɗin da ya gaji yana ta kuka a ta biyu da ta uku, da an jefa ta huɗu ya yi tsit.

Giyar zarce, wadda a wasu motoci ake rubuta wa O/D, ita ce wadda kardan ke zarce inji a juyi. In aka ce giya 0.8 ce, to inji na juyawa sau 8 kardan ya yi 10. A bwat mai biyar na wancan zamani, ta huɗu tana nan a kai-tsayenta, ta biyar ce ta zarce. Don a same ta dole ƙarfi ya sake bi ta sandar ƙasa, ya ratsa wasu haƙora biyu da galibi aka maƙala can a wutsiyar akwatin. Na saman ƙarami ne, boris yana shan nauyi ta gefe, in mai ya yi ƙasa kuma wurin ne ke saurin jin jiki. A bwat da yawa ita ce giyar da ta fi rauni, kuma ita ce direbobinmu suka fi son su shige su yi zamansu, ko da kaya ko babu.

Ƙidayar giya kaɗai tana ruɗi. Peugeot 203 ta 1948 da 403 ta 1955 giya huɗu gare su, amma ta uku ce ta kai-tsaye, ta huɗun ta zarce ce tun daga kamfani. Sai a 404, wadda ta fito a 1960, aka mayar da ta huɗu kai-tsaye. Volkswagen Beetle ma giyarta ta huɗu ta zarce ce. Saboda haka mai 403 da ke neman a ƙara masa giyar hutu, abin da yake nema yana hannunsa bai sani ba. Gane wannan ba ya buƙatar littafi. Bwat yana ƙasa, a sa shi a giyar ƙarshe, a ja layi da alli a kan sandar gaba da ta baya, yaron garaji ya juya ta gaba sau goma kana ƙirga ta baya. In ta yi goma cif, kai-tsaye ce. In ta yi sha biyu da ɗoriya, ta zarce ce mai wajen 0.8.

Yanzu sai pon, akwatin haƙoran da ke tsakanin tayoyin baya, wanda ba kowa ke tuna shi ba sai ya fara kuka. Shi ke yin ragin juyi na ƙarshe, kuma a kowace giya kake, ta cikinsa za ka bi. Haƙora 9 a kan 35, irin wanda ake yawan samu a 504 salun, na nufin kardan zai juya kusan sau 3.9 kafin taya ta yi juyi ɗaya. Tayar inci 14 irin ta wannan mota tana tafiyar kusan mita 2 a kowane juyi, don haka a gudun kilomita 100 a awa tana juyawa wajen sau 850 a minti. Ninka 850 da 3.9: inji na yin juyi kimanin 3,300 a minti a giyar kai-tsaye. A ɗora giya 0.8, ya sauko wajen 2,650. Ga injin fetur na lita 2 da ke cikin 504, juyi 3,300 ba azaba ba ce. A wajen 3,000 ne ma ƙarfin jansa ke kai ƙololuwa, kuma a haka aka ƙera shi ya wuni yana tafiya.

Motar kaya labarinta daban. A-kori-kura ana sa mata pon mai ragi da yawa don ta iya tashi da lodi. A ɗauka nata 4.9 ne, da taya mai ɗan girma da ke juyawa sau 800 a wannan gudun. Inji zai haura 3,900, yana ihu, direba da na gefensa ba sa jin maganar juna. A nan giyar zarce za ta sauko da shi kusa da 3,100, kuma a nan ne take da ma'ana sosai, muddin motar ta daina dakon buhunan gero da wake ta koma ta hawa. Kun ga bwat iri ɗaya, a wata motar ya zama magani, a wata ya zama ƙari a kan abin da ba ya buƙatar ƙari. Wanda ya sayi bwat bai san lambar pon ɗinsa ba, ya yi cinikin biri a sama.

Me ake samu in juyin inji ya ragu? Ƙara ta ragu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai yi awa takwas ko tara a hanyar Yamai. Gogayyar cikin inji ta ragu. Mai ma yana raguwa, don injin fetur ya fi iya tattali in yana juyawa a hankali totur a ɗan buɗe, fiye da yana gudu totur a matse. Maganar mai ta ƙara nauyi a garin nan tun daga Mayun 2023, lokacin da Najeriya ta janye tallafin fetur, ruwa-ruwan da aka saba saye a kwalabe da araha ya daina zama araha. A Yulin 2024 gwamnati ta rage litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. To a yi lissafi da wannan farashin. A ƙaddara motarka na shan lita 10 a kilomita 100, giya ta biyar ta rage maka lita guda. Wannan misali ne kawai, kowace mota da nata shan. Maraɗi zuwa Yamai da dawowa kilomita 1,300 ne da ƴan kai. Ka tsira da lita 13, wato jika shida da rabi. Sai ka ajiye wannan kusa da kuɗin bwat, da na walda, da na makanike, ka ga sau nawa za ka je Yamai kafin uwar kuɗi ta dawo. Ga motar da ba ta fita sai ranar Juma'a, ko rakiyar amarya, ko yawon Sallah, jikokinka ne za su ci ribar, in an samu.

Ita ma ribar da sharaɗi. Ƙarfin da mota ke kashewa wajen ratsa iska ba ya hawa daidai da gudu, tsalle yake yi: daga 100 zuwa 120 yana ƙaruwa da kusan kashi 70 cikin 100. Giya ta biyar kuwa tana yaudarar kunne. Inji ya yi shiru, ƙafa ta ƙara nutsewa, sai ka duba ka ga allura ta wuce inda ka saba. Man da giyar ta tara maka, iska ta kwashe, ga shi kana gudu da birki da tayoyin da aka tsara shekara hamsin da suka wuce, a hanyar da jaki ko amalanke ke iya ɓullowa ba sallama.

Inda abin ya fi cizo shi ne ƙarfi. Giya 0.8 tana rage ƙarfin da ke isa taya da kashi 20 cikin 100, ba makawa. Injin 404 mai lita 1.6 ƙarfin doki 70 zuwa 80 gare shi yana sabo. Na gazuwal mai lita 2.3 da ke cikin 504 wajen 70 ne, na Mercedes 240D kuwa 65 ne da farko, daga baya ya koma 72. Waɗannan lambobin na ranar fita daga kamfani ne, kafin shekaru arba'in na ƙura. Ka ɗauki irin wannan mota da mutum biyar da kayansu ka nufi Damagaram a watan Janairu, iskar hunturu na bugo ka ta gaba. Iska mai gudun kilomita 20 a awa kaɗai, in kana kan 100, tana ƙara turjiyar da kake fama da ita da fiye da kashi 40 cikin 100. A ta biyar za ka taka totur har ƙasa motar tana ja da baya. Kamar mai keke ne da ya ɗauko buhun gero ya sa giya mai nauyi zai hau gangaren Gulbi: ƙafar ba ta juyawa da sauri, amma gwiwa ce ke biya. A inji, gwiwar ita ce fistan da metal, wato ɓawon ƙarfen da babbar sandar inji ke juyawa a cikinsa. In fetur ɗin na bakin hanya ne mai rauni, za ka ji ƙarar ƙas-ƙas daga cikin inji, alamar wuta na tashi ba kan ƙa'ida ba. Famfon ruwa kuma da juyin inji yake tafiya, saboda haka a daidai lokacin da inji ke dafuwa da lodi, ruwan lagireto a hankali yake zagayawa. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wannan ba abin wasa ba ne.

Ita kanta hanyar sai an dube ta. Babbar hanya ta RN1 shimfiɗaɗɗiya ce, ba duwatsu, kuma da a ce babu kowa a kanta, da giyar zarce ta samu gida. Amma daga Maraɗi ka bi ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, kowane gari da tudun rage gudunsa, da shingen jami'ai, da ranar kasuwarsa da ke cinye rabin kwalta. Ta yamma ma haka, Tibiri, Gidan Runji, har Ƙonni. A gudun 80, motar da muka yi lissafi da ita tana wajen juyi 2,100 a ta biyar, ƙasa da inda injin ke da kuzari, ko babbar mota za ka wuce sai ka sauko ta huɗu. A cikin gari kuwa, tsakanin kabu-kabu da adaidaita a bakin babbar kasuwa, ko a rairayin lungunan unguwa, ko ta huɗun ma ba kullum ake kai mata ba. Hanyar burji ta ƙauye ba a ma maganarta.

Akwai wata giyar zarcen da ba a cikin bwat take ba, ɗan akwati ne daban da ake ɗaurawa a bayansa. Wanda ya fi suna shi ne Laycock de Normanville na Ingila, da ya fara fitowa a 1948, aka yi ta sa shi a Triumph, MG, Jaguar da Volvo. Maɓalli ne kawai direba ke taɓawa, lantarki ya buɗe wa mai hanya, matsin man ya tura wani kuloci mai siffar mazurari, juyin inji ya faɗi ba tare da an taka komai ba. Abin sha'awa ne in yana aiki. Amma da man bwat yake rayuwa, kuma yana da tsirfa: na MG baƙin mai irin na inji yake so, na Volvo 240 man giyar otomatik. A garejin da duk abin da ke da haƙori man giya mai lamba 90 ake ɗura masa, kwanansa ƙidayayyu ne. Akwai kuma wani ɗan makunni da ke hana shi shiga in mota na ribas. Ranar da mai gyaran waya ya ga makunnin ya dame shi ya haɗe wayoyin kai-tsaye, ribas ɗaya ya isa ya farfasa cikinsa. Wanda Volvo ɗinsa ta zo da shi ya riƙe abinsa ya kula da shi, ya tsaya a kan makanike ranar canjin mai. Amma a nemo shi a dasa wa motar da ba ta zo da shi ba, a Maraɗi, ban ga dalili ba. Na Fairey da ake ɗaura wa tsohuwar Land Rover ya fi sauƙin kai, don sanda ce ake ja da hannu, ba lantarki, sai dai shi ma ɗan mai kaɗan yake ɗauka, a riƙa duba shi.

A koma kan Peugeot, tunda ita ce ta cika garejinmu. Makanike zai ce, "Maigida, na 505 yana shiga, mun sha yi." Gaskiya ne dangi ɗaya ne, 505 ta fito a 1979 ta gaji abubuwa da yawa daga 504, kuma in za a yi canjin, daga cikin dangin ya kamata a ɗauko. Sai dai "yana shiga" kalma ce mai faɗi. Injin waɗannan motoci a kishingiɗe yake, don haka ƙoƙon da ke haɗa shi da bwat sai ya zama na irinsa. Haƙoran tsakiyar faifan kuloci sai sun dace da sandar sabon bwat. Mai biyar yakan fi tsawo, mazauninsa na ƙasa ya matsa. Babbar matsalar ita ce kardan: a 404 da 504 salun ba a fili yake ba, cikin wani bututun ƙarfe yake tafiya wanda ya haɗe bwat da pon. In tsawo ya canza, bututun da sandar cikinsa duka sai an samo na daidai ko an rage su. Sandar da aka yanke aka yi wa walda da ido, ba a daidaita nauyinta a inji ba, za ta yi lafiya a 60, a 90 kujera ta fara rawa, bayan ƴan watanni ta cinye boris. Wayar agogon gudu ma sai an duba, in ba haka ba allura ta riƙa yi maka ƙarya.

Sannan 404 da 504 na farko-farko giyarsu a jikin sitiyari take. Bwat mai biyar sandarsa a ƙasa take, ke nan sai an huda bene an yanka shimfiɗa. Wannan giyar hannun sitiyari tana cikin abin da ke sa dattijo ya tsaya ya leƙa motar ya ce irin ta mahaifinsa ce. Garin neman gira kar a rasa ido. In ma an yanke shawarar canjin, tsohon bwat da bututunsa a zuba musu mai a ajiye, kar a bari yaran garaji su kai wa masu awon ƙarfe. Mai saye da ya san mota zai tambaye su.

Kayan gyara su ne hujjar da ta fi ƙarfi a wajena. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, bai daina 504 ba sai 2006, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina yin salun ɗin. Ban da waɗanda Turawa suka riƙa ratso Sahara da su ta Tamanrasat da Arlit da Agadas suna sayarwa a shekarun 1980. Mafi yawan waɗannan motoci giya huɗu ne, shi ya sa bwat ɗinsu da haƙoransa da zobbansa suke ko'ina, daga Katsina da ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, zuwa Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Tsohon makaniken da ya koyi aiki a tasha zai warware shi ya ɗaure ido rufe. Mai biyar ana samu, amma in haƙorin ta biyar ɗin ya lalace, sau da yawa wani bwat ɗin sukutum za a sake nema. Mun kuma ga yadda rufe iyaka bayan Yulin 2023 ya sa abin da ake aikowa ta Ɗan Isa cikin yini guda ya koma na jira da tsada.

Wasu kan ce to a bar bwat, a canza pon zuwa mai ƙaramin ragi, ko a sa taya mai tsayi. Yana rage juyin inji, kuma ƙarfi yana ci gaba da bi ta giyar kai-tsaye mai ƙwari. Amma yana taɓa dukkan giyoyin, har ta ɗaya. Motar da ke tashi cikin rairayi ba gardama sai ta koma sai an ƙona kuloci. A nan bwat mai biyar ya fi, don shi bai taɓa giyoyin ƙasa ba, ɗaya ya ƙara a sama. Mai 404 salun kuma ya yi hattara da pon ɗinsa, na dunƙule ne mai haƙorin tagulla, ba kowane mai yake karɓa ba, kuma ba a musanya shi da wasa.

Da za a tambaye ni mota-mota, 404 a bar ta yadda take. 504 salun ta fetur da za ta zauna a gari, ta leƙa Madarunfa ko Katsina jefi-jefi, ita ma huɗu ta ishe ta, kuɗin a kai su ga lagireto, birki da kafireto. Ta gazuwal mai ɗaukar iyali da kaya, huɗu. Wadda zan sa wa biyar ita ce mai lafiyayyen inji na lita 2 da mai ita ke zirga-zirgar Yamai da gaske, da a-kori-kurar da ta yi ritaya daga dako, da Land Cruiser ta da, wadda Toyota da kanta ta yi wa bwat mai biyar a ƙirar baya-baya. Su ma da sharaɗin direba ya saba sauka ta huɗu da zarar ya ji motar ta yi nauyi, ko ya ɗauko lodi, ko zai ja wata.

Wanda zai sayi mai biyar na hannu kuma, kar ya biya sai an kwance toshiyar man a gabansa. A tara man a farin kwano a duba shi a rana. Ɗan ƙyalli launin zinariya daga zobban tagulla ne, ana iya canza su. Ɓarɓashin ƙarfe mai kama maganaɗisu kuwa haƙori ne ko boris ke ci. A kama sandar gaba a girgiza a ji ko tana wasa, a shiga kowace giya da hannu, a buɗe murfin wutsiya a ga haƙoran ta biyar da ido. A kuma yi ciniki da mai kaya cewa in an ɗaura ta biyar tana fita da kanta in an saki totur, zai karɓi abinsa.